Zomayen Shika

A Shika, kafin a ɗauke wuta,
na ɗebi jini a kunnuwan zomaye goma sha biyu.
Duk farare, dusa ɗaya suke ci;
ko Lantana mai share musu keji
ba ta bambance na uku da na tara.

Na'ura ta wulwula kwalabe,
ja ya kwanta,
ruwan ya taso, kalar man gyaɗa.

Da la'asar furotin ya ja layuka:
wannan biyu, wancan uku,
na bakwai da wani siriri can gefe,
gadon kakan da ba mu taɓa gani ba.

"Uwa ɗaya," in ji Lantana, "kowa da rubutunsa."
Shi dai yana taunar harawa,
auduga manne a kunne.