Mazarin Tambara

Ƙarfe biyun dare a Harobanda.
Wuta ta dawo, kwamfuta ta farka,
ni da ita muna tankaɗe hayaniyar shekara guda.

Gawar tauraro nake nema.
Faɗinta bai wuce Yamai ba, daga Gudel zuwa filin jirgi,
amma ta fi rana nauyi,
tana juyi sau ɗari kafin ka ƙyafta ido.

Kakata Tambara, can a Tawa, ta san wannan.
In mazari yana da ƙusumbi, ko na ƙwayar hatsi,
kafin ido ya gani yatsa ya ji,
tasa na ta gunaguni har abawa ta ƙare.

Haka gawar nan. In ba ta daidaita ba,
tana kaɗa tabarmar da duniyoyi ke zaune a kai,
ba da tsawa ba,
da amo ɗaya siriri
wanda bai tsinke ba tun kafin kogin Isa ya sami hanya.

Sauro ɗaya nake saurare
a tsakiyar Katako, ran jajibirin salla.

Jiya wani layi ya miƙe tsaye cikin lissafi,
har na tashi daga kujera.
Ashe wani inji ne a gidan na'urar yake rawar ɗari.

Ban ji ba tukuna, Kaka.
Na dai rubuta: in akwai shi, bai kai kaza ba.
Wannan ma zare ne.
Na shafa alli a yatsu,
na sake murzawa.