Ja da Shuɗi

Naira ɗari bakwai na ba Haliru
a shagonsa na Mabera,
ya miƙo min tabarau na kwali:
ido guda ja kamar zoɓo,
ɗayan shuɗi, ruwan bula.
Ya ce sai na sabunta direba tukuna.
Ba mai mota ba, ya yi dariya,
wanda ke koya wa kwamfuta zane.

Kwana biyu ina jan fayil ɗin.
Data ta ƙare a kashi tamanin da ɗaya,
na ranci kati wurin Luba.
Zafin Sakkwato ya zauna kan injin,
fankarsa na kuka kamar ɗan akuya a turke,
sai na ɗora shi bisa bulo biyu
ya sha iska ta ƙasa.

Daren Laraba ya gama sauka.
Na shiga saiti, na danna ƙaramin akwati,
allo ya ɗauke, ya dawo,
kowace mota da inuwarta a gefe
kamar bugun kalandar da ya goce.

Na sa tabarau.

Hanya ta nutse cikin gilashi
har bayan bangon ɗakina,
har gidan maƙwabta.
Tsakuwa ta taso, na kauce,
gwiwar hannuna ta kifar da kunun tsamiya.

Ihuna ya kawo Baffa Modi,
mai walda a Gawon Nama,
wanda tartsatsi ya ci idonsa na dama
tun ban iya tafiya ba.
Ya karɓa, ya maƙala, ya daɗe.
Ya ce, "Ja ɗai ni ka gani."

Na fara bayani: kowane ido da hotonsa,
ƙwaƙwalwa ke ɗinke su.
Sai bakina ya mutu a tsakiya.

Bai ji haushi ba.
"Shekara ashirin da shidda
ina zuba shayi, bai taɓa wuce kohi ba.
Kaɗa kai kaɗan, yaro, nisa ya hito."

Ya ninke kwalin, ya sa min a aljihu,
ya ce in cire alamar akwatin nan.
Na cire. Duniya ta koma faifai.
Ya jawo kujera da ƙafa,
ya tambayi maɓallin birki,
bai taɓa shi ba sai a kwana ta uku.

Da daƙiƙa huɗu ya wuce ni.
Luba ce ta goge kunun.