Tafinta a Ngong

Ni ne tafinta. Bakina na haya ne,
jaka biyu a wuni,
in ɗauki magana daga kujera in kai ta tabarma
kada ta zube a hanya.

Arɗo Laɓɗo ya tuɓe takalmin roba a bakin ƙofa
ko da yake ba wanda ya tuɓe nasa.
Akawu ya shimfiɗa taswira,
ya danne ta da kofin shayi da makullin babur.
Kore, in ji shi, dawan masu farauta da lasisi ne,
fari gonakin auduga,
shuɗi kuwa ruwan Lagdo.
Arɗo ya sunkuya, ya daɗe yana nema,
sannan ya ce in tambaya masa:
mu wane launi ne?

Na tambaya. Aka yi 'yar dariya
irin wadda ba ta kai ciki.

Aka ce ya kawo takardar shaida.
Ya ce tasa ba ta ɗaukuwa:
akwai rijiyar da kakansa ya haƙa shekarar bushiya,
akwai tsamiya mai rassa uku,
mahaifiyarsa na kwance a gabashinta,
burtalin kuma kofato ne ya rubuta shi
tun ba a san tawada a ƙasar nan ba.
Akawu ya ce kofato ba hatimi ba ne.
Allah ya yafe mini,
ni na ce da tsohon, wai za a duba.

A bangon ofis akwai kalanda,
saurayin Bororo da kwalli da fararen haƙora
yana yi wa watan Yuni murmushi.
An ba fuskarsu ƙusa a bango,
ƙafarsu ce ba a ba wurin takawa ba.

Ya kawo zancen Jebbu, jikarsa.
Shanu sittin ta sani da sunayensu,
ta san wadda za ta haihu kafin uwar garke ta sani,
malaminsu ya ce ba ta biyu a lissafi.
An hana ta zama jarrabawa
don ba takardar haihuwa.
A ina aka haife ta? A hanya,
tsakanin Poli da nan, daren da ruwa ya ci gada.
Takardar ba ta da gurbin hanya.

Sai na tuna abin da na ji a rediyo, na gaya masa:
can ƙetaren teku, a wani babban zaure,
an rubuta cewa irinku kuna da haƙƙi,
ku da masu kiwo a ƙanƙara, da mazauna ƙurmi,
da masuntan tsibiran tafki,
ba a taɓa ƙasarku sai an tambaye ku.
Ya gyara rawani.
Ya ce, madalla da masu rubutu.
Amma ta wace hanya takardar ta biyo?
Watakila ita ma an nome mata burtali.

Ƙarshe aka ce ya dangwala yatsa.
Sau uku yana dannawa, sai baƙin tabo kawai,
igiyar guga ta cinye zanen
tun shekaru hamsin da suka wuce.
Akawu ya ce wannan ba ya nuna kowa.

Muka fito. An yi yayyafi da azahar.
A taɓon ƙofar ofis, sawun jajayensa
ya fito raɗau, ɗaya bayan ɗaya,
har makaho ya karanta da hannu.
Motar auduga na tafe daga kudu.

Na karɓi jakata biyu.
Na sayi kindirmo a wajen surukarsa,
ta yi mini gyara,
ta tambaye ni me aka ce a ciki.
Na daɗe ina juya ludayi.