Makwancin Barsu

Shekara goma sha ɗaya Barsu na gadin garkata
can bakin Gulbi, tsakanin zogale da albasa.
Ɓarawon dare ya san muryarsa,
awakin Mokoyo sun san haƙorinsa.
Bana in zai miƙe sai ya yi nishi,
ƙafar baya na biyo shi kamar ta aro.

Na ce wa Tsahara, ƙasa ta yi wa kare tauri.
Ta ce, kai da haƙarƙarinka ya haddace tabarma,
yau kare za ka nema wa gado?
Ban tanka ba.
Na bari ya yi barci, na gwada shi da igiyar guga:
kamu biyu da taƙi, ban da wutsiya.
Na ƙulle jaka uku a lalita,
na hau kabu-kabu sai babbar kasuwa.

Illa mai katifa ya ce, ta baƙo ce ko ta jinjiri?
Na ce ta kare.
Allura ta tsaya a hannunsa,
dariya ta bi rumfa rumfa har ƴan goro.
Da ya ga lalita sai ya gyara zama,
ya ce kuɗi ba su haushi, zo ka taɓa.

Na danna soso, na tuna zafin bazara,
wannan zai dafa shi kamar dankali a toka.
Fatar jan akuya ta yi kyau a ido,
amma Barsu zai ɗauka layya aka yi masa.
Wani yaro ya gungaro tayar kaminyo,
na dubi tsayin bakinta, na tuna ƙafar nan.
Na tsaya kan audugar rimi
cikin buhun gyaɗa mai kauri,
wanda zan kakkaɓe, in shanya,
rana ta kori ƙuma.

Gindin bedi na shimfiɗa ta da la'asar.
Ya zo, ya sansana kusurwa huɗu,
ya zagaya sau uku,
ya dube ni kamar wanda aka ba riga ba tasa ba.
Sai ya ja ƙafa zuwa gindin randa,
inda ɗigon ruwa ya sanyaya rairayi,
ya tona rami daidai cikinsa,
ya aza haɓa kan tsohon takalmina.

Kafin magariba akuya ta haye katifa
tana tuƙa kamar ita ta biya.
Tsahara ta yi dariya har ludayi ya suɓuce mata.

Da dare, ba wanda ya gani,
na kori akuya, na jawo katifar dab da randa,
na bar ta nan, ban ce masa komai ba.

Na fito alwalar asuba na tarar da shi:
ƙirji a kan rairayi mai sanyi,
kwankwaso da ƙafar nan a kan rimi,
rabi nasa, rabi nawa.
Ashe shi ya san inda ke masa ciwo,
ni tsawo kawai na auna.

Kuma rairayin ya fi jiya danshi.
Randa ba ta ɗiga haka.
Na dubi Tsahara, tana hura wuta,
buta a gefenta, ba ruwa ciki.