Zauna Nan, Za a Kira Ka

A kasuwar Gadarif, bayan layin masu riɗi,
shagona taku huɗu ne, fanka ɗaya, kujera biyu.
Da hantsi Baba Mudassiru ya shigo,
kwamfuta a hammata, baƙin taɓo har idon sawu.
Ya ce, "Ɗan Zuwaira, jakin nan ya ƙi tafiya.
In na buɗe lissafin buhuna
sai ya tsaya yana kallona har shayi ya huce."

Na leƙa cikinta. Ba cuta.
Ƙwaƙwalwa ce ƙarama, giga huɗu, kamar faifan mai awo:
abin da hannu ke juyawa yanzu, shi ke bisa.
In faifai ya cika
sai ta ɗebi abin da aka daɗe ba a taɓa ba,
shafi-shafi, ta kai wani lungu cikin rumbu,
ta ce, zauna nan, za a kira ka.
Lungun nan fayil ne mai ɓoye fuska,
ba wanda ya taɓa ce masa sannu da aiki.

To, rumbu ya cika maƙil.
Hotunan suna, rasit na shekara tara, karatun wani alaramma,
jan layi ya kai bango.
Lungu na son miƙe ƙafa, babu wuri,
guntu nan, guntu can,
kamar gonar da magada goma suka raba.

Baba ya kurɓi gahawa. "Share shi mana."
Na ce a'a.
Wanda ya rushe zaure don tsakar gida ta faɗaɗa,
ranar baƙi zai gane kurensa.
Ƙaura za mu yi masa.

Akwai rumbu na biyu,
na saya hannun wani mai gaggawar tafiya Bur Sudan,
fili fetal, ba kai-komo.
Na bi saituna ƙofa bayan ƙofa,
na cire alamar da ta bar na'ura tana yanka wa kanta.
Mafi ƙaranci da mafi yawa na ba su lamba ɗaya,
dubu shida da ɗari da arba'in da huɗu,
kada ya riƙa kumbura yana sacewa.
A tsohon wuri na bar ɗan kaɗan,
daidai inda za ta rubuta wasiyya
in wata rana ta faɗi ba sallama.

Ta ce a kashe ta, a kunna.
Ina kashewa wuta ta ɗauke.

Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Baba yana fifita da takardar rasit, ya ce,
"Kakana da ƙafa ya baro Haɗeja, Makka ya nufa.
Guzuri ya ƙare a nan.
Shi ma haka aka ce masa, zauna, za a kira ka.
Ga mu, har jikoki."
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Gidanmu ɗaki uku ne.
Tun da 'yan'uwa suka iso daga Madani da ƙunshinsu
mu ashirin da ɗaya ne.
Katifata na nan bayan kanta, a naɗe, ƙarƙashin tulin wayoyi.
Inna ta ce kwana biyu ne.
Ban ji haushi ba, ai ba a kai mutum lungu
sai in an san inda za a same shi.

Da la'asar wuta ta dawo.
Na danna. Lissafi ya buɗe kafin Baba ya gyara tabarau:
dawa buhu ɗari biyu, riɗi saba'in,
bashin wani Haruna tun kakar bara.
"Af! Ashe bai biya ba."

Ya ajiye mini kuɗi da ƙullin riɗi, ya fita.
Na share teburi.
Wayata ta yi ƙara, Inna ce:
in zo in ci tuwo,
in taho da katifar, an yi sabon baƙo.