In'ina

A filin makarantarmu ta Kumo, bayan ɗakin girki,
inda awakin gari ke kiwo ran Asabar,
Malam Yila ya kafa kara uku a ƙasa,
ya fito da wani faskare da kafinta ya gyara masa,
ya ce wannan shi ne kurket.

Ya ce kowa da lokacinsa na riƙe katako,
sunan lokacin kuwa inin.
Mu in'ina muka ji.
Duk muka juya muka kalli Bappayo,
wanda kafin ya kai ƙarshen sallama
koko ya huce.
Dariya har da masu riƙe ciki.

Malam bai nemi bulala ba.
Ya tsuguna, ya zana haruffa biyu da tsinke,
ya ce a bakin masu wasan
wannan 'yar guntuwar kalma ciki take nufi,
daga nan aka ja ta, ta zama shiga.
Ya ce ya taɓa karantawa
da ita manomansu na da ke kiran
ranar da hatsi ya bar gona ya shiga rumbu.
"To kun ji. Ba sarƙewar harshe ba ce,
kaka ce.
Wanda ya shiga, ya tara abin da zai tara
kafin a fitar da shi."

Sai ya miƙa wa Bappayo katakon.

Ni na fara jifa.
Ya maka ta cikin gyaɗar hedimasta.
Kwairanga ya jefa, ta haye rufin kwano.
Lamela ya tuɓe takalmi, ya tofa yawu a tafi,
duk a banza.
Har ladan ya kira la'asar
karan nan uku na tsaye,
katakon kuwa bai yi in'ina ko sau ɗaya ba.

Shekara talatin ke nan.
Bappayo taki yake sayarwa yanzu,
mai saye ya jira, ko ya yi gaba.

Bara, da muka raka Malam makwancinsa a Billiri,
ya tsaya dab da ni a bakin ramin,
leɓensa na rawa,
ya daɗe yana kokawa da kalma.
Ban taya shi ba. Lokacinsa ne.

Can ya ce, "Ya... ya tara."