Ɗigo Kafin Huda

A Owode Onirin, bayan layin masu rodi,
inda ruwan sama ke jan tsatsa zuwa kwata
kamar an wanke tukunyar manja,
nan rumfata take: kwano huɗu, benci ɗaya.
Jatau nake. Tambayi kowa,
zai nuna maka mai yatsa tara.

Babban yatsan hagu guduma ta ci,
shekara goma sha ɗaya ke nan, wata Laraba.
Ni na riƙe fanci, ni na ɗaga guduma,
ni na waiga don danfo ta yi ham.
Ba ni da wanda zan kai ƙara.

Daga nan sai da yaro.
Sallau ya riƙe, in buga.
Ya runtse ido, in buga.
Shekara shida yana runtse ido
har ya sami keke a Ketu ya yi gaba.
Ban riƙe shi a rai ba.
Wa ke son yatsunsa su tsufa
a ƙarƙashin gudumar wani?

Shi kuwa ƙarfe ba ya marabar baƙo.
Ɗora bakin dirila a kan santsinsa,
sai ta yi ta bulayi kamar sabon zuwa a Oshodi,
ta ja zane, ta kauce da rabin inci,
ƙofa ta ƙi zama a hinji,
mai gida ya ƙi biya.

Uzo mai kayan aiki ne ya miƙo min shi
a cikin leda, da yamma, ana yayyafi.
Tsawonsa kamar biro,
jiki da kaushin zarto, baki kamar basilla.
Na ce, ina gudumarsa?
Ya ce, tana ciki.
Na ce, Uzo, ka ji tsoron Allah.
Ya ce, kai shi, in ya ƙi ka dawo da shi gobe.

Na auna. Na ja layi, na gitta wani.
Na karkata shi don ido ya ga tsini
ya sauka daidai inda layukan suka gaisa,
sannan na miƙar da shi tsaye,
na danna da hannun dama kaɗai.
Shiru.
Sifirin na haɗiye ƙarfina.
Na ƙara. Yana tarawa, yana tarawa,
kamar mai haƙuri da aka daɗe ana taka wa ƙafa,
sai ƙwas!

Ɗigo ɗaya. Bai fi ƙwayar gero ba.
Dirila ta zo, ta sa baki, ta zauna,
ta nutse ba ta waiwaya ba.
Hagu na kan benci tana kallo,
ba wanda ya ce ta zo kusa.

Yanzu na san halinsa.
In ƙarfe na da kauri, murɗa hularsa ta matse,
danna sau biyu a gurbi ɗaya.
In murfin tukunyar Iya Sikira ne,
sassauta, kada ka loɓa mata abin sana'a.
Na taɓa kai shi kan sifirin tirela,
taurin ya dakushe masa baki,
na wuni a dutsen wasa ina ba shi haƙuri.

Jiya Sallau ya faka kekensa a bakin rumfa,
ƙarfen madubi ya karye, yana son huda biyu.
Ya yi ƙiba. Ya yi 'ya, wai Hansatu.
Kafin in yi magana ya laluba ƙasan benci,
ya zaro tsohon fanci, ya kafa a kan layi,
ya kau da kai,
ya runtse ido.

Na bar shi haka na ɗan lokaci.
Janareton maƙwabta na ta tari.
Sannan na ce, Sallau, ɗauke hannunka.
Buɗe idonka ka gani.